Yadda Ake Kallon Jirgin Douglas A-26 Invader a Gane Abin da Ake Gani

Sunansa ne abu na farko da ke rikita mutane, don haka a warware shi tun kafin a kai ga ƙarfe. Kamfanin Douglas na Amurka ya ƙera shi da sunan A-26 Invader, harafin A yana nufin jirgin kai farmaki ƙasa-ƙasa. A 1948 sojin saman Amurka suka soke rukunin A, suka mai da shi B-26, alhali akwai wani jirgi daban, Martin B-26 Marauder, da ya yi Yaƙin Duniya na Biyu da wannan lamba kafin a yi masa ritaya. A 1966 kuma aka sake kiran wasu daga cikinsu A-26A, saboda a lokacin Tailan ba ta yarda a girke jiragen ruwan bama-bamai a ƙasarta ba, amma ta yarda da na farmaki. Jirgi ɗaya, fenti kawai aka sauya. Ƙa'idar mai sauƙi ce. Idan labari na kafin 1948 ne aka ce B-26, Marauder ake nufi. Idan na Koriya ne, ko Aljeriya, ko Kyuba, ko Kwango, ko Biyafara, ko Biyetnam, Invader ne.

Daga nesa

Ka tsaya kamar taku hamsin daga gefensa tukuna. Tsawonsa mita 15.2, faɗin fukafukansa mita 21.3, tsayinsa mita 5.6. Jikinsa siriri ne mai shafaffun gefuna, kamar akwati da aka goge wa kusurwa, jelarsa doguwa ce guda ɗaya mai yankakken kai, ƙananan fukafukan jelar kuma sun ɗan karkata sama. Gidajen injinan dogaye ne, sun zarce bayan fiffike har sun yi tsini. Farfela mai ganye uku ce.

Da waɗannan kaɗai za ka raba shi da 'yan uwansa. Marauder jikinsa mulmulalle ne kamar sigari, yawanci farfelarsa ganye huɗu, kuma yana da mazaunin ɗan bindiga a can ƙarshen jela, abin da Invader ba shi da shi. B-25 jela biyu gare shi, ba a ma yin gardama a kansa. Wanda ya fi kama da shi shi ne yayansa A-20 Havoc, wanda ya fito daga gida ɗaya kuma Ed Heinemann yana cikin waɗanda suka zana su duka biyu, sai dai A-20 ya fi ƙanƙanta, ɗakin matuƙinsa ƙunci ne na mutum ɗaya tak.

Hanci da rufin matuƙi

Matso gaba. Idan hancin ƙarfe ne a toshe da bakunan bindigogi, A-26B ne. Ƙirga bakunan. Shida a jere kusan a kwance na farkon ƙira ne, takwas a layi biyu a tsaye na baya ne, dukkansu masu jigida ne masu harsashi milimita 12.7. Idan hancin gilashi ne, A-26C ne, wanda ake zaunar da mai saitin bam a ciki da na'urar Norden, shi ke jan ayari a sama sauran su saki bam idan ya saki. Amma kada ka rantse a kan hanci. An ƙera shi ne yadda za a iya kwance wannan a ɗaura wancan, kuma an yi ta yin haka shekara da shekaru, har jiragen da ke gidajen tarihi yau da yawansu ba da hancin da suka fito masana'anta suke tsaye ba.

Rufin ɗakin matuƙi ya fi hanci faɗin gaskiya. Na farko shafaffe ne mai kaurin firam, kuma shi ya kusa kashe wa jirgin kasuwa. Da aka kai guda huɗu Niyu Gini aka gwada su a yaƙi a watan Yunin 1944, matuƙa suka dawo suna ƙorafi cewa injinan sun tare musu gani dama da hagu, ga wanda aikinsa shi ne bin saman itatuwa yana neman abin hari. Janar George Kenney, kwamandan sojin sama na yankin, ya ce ba ya son sa ko a madadin mene ne. Kafin ƙarshen shekarar aka sauya rufin da mai tudu, mai buɗewa gida biyu kamar ƙofar kabad, matuƙi ya samu ɗaga kai ya leƙa ta saman inji. Kusan duk wanda za ka gani yau mai tudun ne.

Leƙa ciki idan an ba da dama. Sitiyari ɗaya ne a hagu, don matuƙi ɗaya aka yi shi, na dama kujera ce ta mai duba hanya. Idan ka ga sitiyari biyu, to jirgin koyarwa ne, ko na bayan gyara.

Lambar jela

Lambar soja tana farawa da shekarar kasafin da aka yi odar jirgin, ba shekarar da ya fito ba. A jela ana yar da adadi na farko, saboda haka 434 da wasu adadi uku na nufin 44-34 da sauransu. Masu farawa da 41-39 da 44-34 a Long Beach ta Kalifoniya aka haɗa su, masu 43-22 da 44-35 kuma a Tulsa ta Oklahoma. Sifili da ɗan layi a gaban lamba alama ce cewa jirgin ya haura shekara goma yana aiki. Lambobi daga 64-17640 zuwa 64-17679 na guda arba'in ɗin nan ne da aka sake ginawa, za mu zo kansu. Jiragen 'yan kasuwa da ke tashi a bukukuwa sukan sa fenti da lambar wani jirgin da ya yi suna, don haka lambar gaskiya tana kan ƙaramin farantin ƙarfe da masana'anta ta buga a jikinsa. Shi ake tambaya a gani.

Fiffike

A nan ya kamata ka ɓata lokaci, domin a nan darajar jirgin take, a nan kuma ajalinsa ya ɓuya.

Tsaya a bakin fiffike ka dubi kaurinsa. Wurin da ya fi kauri ya ja baya sosai idan aka gwada da jiragen zamaninsa, fatar kuma sumul take, kawunan ƙusoshin a nutse. An yi haka ne don iska ta bi jikinsa a kwance ba tare da ta hargitse da wuri ba. Shi ya sa jirgin da ya fara tashi ranar 10 ga Yulin 1942, Benny Howard na tuƙi, yake kai gudun kilomita 570 a sa'a da inji irin na Marauder, da mutum uku kacal a ciki, yana ɗauke da bam kilo 1,800 a cikinsa da wani 900 a ƙarƙashin fukafukai. Fiffike mai gudu kuwa ba ya son tafiyar hawainiya, shi ya sa aka yi masa faifan sauka mai tsaga biyu a gefen baya. Idan an sauke faifan, sunkuya ka duba, za ka ga ƙaramin faifai tsakanin babban da fiffiken, iska na bi ta tsagogin biyu ta manne a saman faifan, jirgi ya iya rage gudu bai faɗo ba. Ramin da ke gaban fiffike daga wajen kowane inji na sanyaya baƙin mai ne. Idan ka ga ƙananan ramuka uku a jere a kowane fiffike, bindigogi shida ne na cikin fiffike da aka ƙara wa na baya-bayan nan, wanda ya kai masu kallon gaba goma sha huɗu a jirgi mai bindiga takwas a hanci.

Ƙasusuwa biyu ne ke riƙe da kowane fiffike, na gaba da na baya. An lissafa su ne don yaƙin da ba a zaci jirgi zai shekara biyar a cikinsa ba. Sai ga shi a farkon shekarun 1960 an kai su Biyetnam suna da shekara kusan ashirin, ana rataya musu kaya masu nauyi a ƙarƙashin fiffike, suna gudu a kan filaye masu gargada. Duk ramin da taya ta faɗa, nauyin da ke rataye ya finciko fiffike ƙasa. Duk tsunduma da jirgi ya yi ya ɗago, fiffike ya lanƙwasa sama. Wanda ya taɓa karya waya ta hanyar lanƙwasa ta gaba da baya ya san ƙarshen zancen. Tsaga takan fara ne daga ramin ƙusa, siririya yadda ido ba ya gani, tana ci a hankali har ranar da ƙarfen da ya rage ya kasa. A watan Agustan 1963 fiffiken wani ya cire a Biyetnam, a ranar 11 ga Fabrairun 1964 wani ya cire a filin Eglin na Fulorida a gaban masu kallo, daga nan aka janye su daga fagen.

Maganin ya zo daga kamfanin On Mark da ke Van Nuys, wanda ya sake gina guda 40 aka kira su B-26K. An ɗaure ƙasusuwan fiffike da faffaɗan ƙarfe sama da ƙasa, aka sa inji mai ƙarfin doki 2,500, aka faɗaɗa abin juya jela, aka cire bindigogin tsaro na sama da ƙasa, aka sa marataya takwas. Gane shi ba wuya: tankin mai a ƙarshen kowane fiffike mai cin kusan lita 625, da farfela mai yankakken baki. Su ne suka yi farautar motocin dakon makamai da dare a hanyar Ho Chi Minh daga sansanin Nakhon Phanom na Tailan, har zuwa Nuwamban 1969.

Saboda haka idan ka samu mai kula da Invader da ke tashi, tambayar da za ta nuna ka san abin da kake kallo ita ce yaushe aka duba ƙashin fiffike, da wace hanya, kuma an ɗaure shi ko ba a ɗaure ba. Duba na gaske ba da tocila kaɗai ake yi ba. Ana kwance murafe, a cire wasu ƙusoshi, a bi ramukansu da na'urar lantarki mai gano tsaga ko ruwan rini mai shiga cikinta. Farin gari kamar toka a jikin alminiyom, ko fenti da ya kumbura a layin ƙusoshi, ruɓewa ce ke ci daga ciki.

Ciki da ɗan bindiga

A ƙarƙashi, gaban ƙofofin rumbun bam, akwai wasu 'yan yatsun ƙarfe da ke fitowa idan an buɗe rumbun. Aikinsu karya iska ne, don a irin wannan gudu iska na iya riƙe bam ta buga shi a jikin jirgi. Tayar gaba kuma takan juya ta kwanta a kan gefenta idan za ta shige, don wurin ba shi da zurfi.

Ɗan bindiga yana zaune shi kaɗai a bayan rumbun bam, kuma ba ya taɓa bindiga da hannunsa. Akwai tulluwa biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kowace da bindiga biyu, yana juya su da lantarki yana leƙe ta wani bututu mai madubi da ke da kai a sama da kai a ƙasa. Idan abokin gaba ya gangara daga sama zuwa ƙasa, madubin ya juya da kansa, bindigogin ƙasa su karɓa. Dabara ce mai kyau, amma ido ɗaya a bututu cikin jirgi mai tangaɗi ba ƙaramin aiki ba ne. Matuƙi ma yana iya kulle ta saman ta kalli gaba ya harba da kansa. Yawancin jiragen da suka rage an cire musu wannan duka, sai faci a inda tulluwar take.

Inji

Pratt & Whitney R-2800 ne guda biyu, kowanne silinda 18 a zobe biyu na tara-tara, girmansa kusan lita 46, ƙarfin doki 2,000 a juyi 2,700 a minti lokacin tashi. Babu lagireto, iska ce ke sanyaya shi, shi ya sa kowace silinda take da siraran ganyayyaki kamar na injin babur. Kowace silinda fulogi biyu gare ta, wato 36 a inji, 72 a jirgi, maganeto biyu na ba su wuta daban-daban don in ɗaya ya mutu ɗaya ya riƙe.

Kada ka raina jirgi don ka ga faranti a ƙarƙashinsa yana tarar baƙin mai. Irin wannan inji ɗiga ɗabi'arsa ce. Wanda ya bushe ƙayau, yawanci an daɗe da tsiyaye shi, ba ya tashi.

Idan za a tayar da shi a gabanka, ga abin lura. Kafin a ba da wuta sai an juya farfela, da hannu ko da sitata, ana ƙirga ganyayyaki da ƙarfi. Dalilin shi ne silindojin da ke ƙasa a kife suke, idan jirgi ya kwana baƙin mai yakan tsiyaya ya taru a kansu. Ruwa ba ya matsuwa, don haka idan fistin ya taras da shi da ƙarfin wuta, sandar fistin ce za ta lanƙwashe, wani lokaci ba za a sani ba sai ta karye a sama bayan sa'o'i. Idan farfela ta cije, ba a tilasta mata, kuma ba a mayar da ita baya, domin hakan tura man yake yi cikin bututun shaƙa ya dawo daga baya. Fulogin ƙasa ake kwancewa a tsiyaye. Bayan nan a ɗan fesa fetur, a ba da wuta. Zai yi tari, silinda ɗaya ta kama, biyu, biyar, farin hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya turnuƙe, wanda man da ya kwana ne ke ƙonewa, cikin ƙasa da minti ya washe. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa. Idan aka cika fesawa wuta na iya kamawa a maƙogwaron kafireto, kuma maganinta shi ne a ci gaba da juya injin ya haɗiye ta, shi ya sa kullum akwai mai riƙe da tukunyar kashe gobara a gefe. Idon matuƙi a wannan lokaci yana kan agogon matsin baƙin mai, in bai motsa ba cikin daƙiƙa talatin a kashe. Ba a kuma ɗaga wuta sai man ya yi ɗumi, kusan digiri 40.

Ƙananan ƙofofin da ke bayan murfin inji a buɗe suke idan jirgi yana ƙasa, don babu iskar gudu da za ta sanyaya kawunan silinda. Kafin tashi za ka ji an ɗaga muryar inji, ta ɗan faɗi, ta dawo, ta sake faɗi. Gwajin maganeto ne ɗaya bayan ɗaya. Faɗuwa kaɗan daidai ce, faɗuwa mai yawa da kakkarwa fulogi ne ya yi datti. Tankunansa na ciki suna cin kusan lita 3,500, kuma a tafiyar hankali ma yana shan sama da lita 500 a sa'a, wanda shi ne babban dalilin da ya sa masu tashi suka yi ƙaranci.

Haɗarin da matuƙansa suka fi tsoro shi ne mutuwar inji ɗaya daidai lokacin tashi. Mai ran yana ja da dukan ƙarfinsa daga gefe guda, mataccen kuma farfelarsa ta zama faifai tana tare iska. Dole a taka jela da ƙarfi, a gane wanda ya mutu ta ƙafar da ba ta aiki, a juya ganyayyakin farfelarsa su ba iska kaifi, duk cikin 'yan daƙiƙu. Kuskuren da ya fi kisa shi ne a kashe mai lafiyar. Jirgin kuma ba ya yafe wasa a kusa da ƙasa. A bikin jiragen sama na Biggin Hill a Ingila, ranar 21 ga Satumban 1980, wani ya yi ƙoƙarin mirginawa da shi ya faɗa kwari, duk mutum bakwai da ke ciki suka mutu.

Inda ya bi

An ƙera kusan 2,500 kafin a rufe layin a ƙarshen yaƙi. A Turai ya shiga aiki daga kakar 1944, inda ya samu karɓuwar da bai samu a Niyu Gini ba. A Koriya ya zama jirgin dare, baƙin fenti, yana bin jiragen ƙasa da ayarin motoci, kuma shi ya kai harin bam na ƙarshe na Amurka minti 24 kafin tsagaita wuta ta fara aiki ranar 27 ga Yulin 1953. Faransa ta yi amfani da shi a Dien Bien Phu ta Biyetnam da Aljeriya. Arharsa da yawansa a kasuwar kwance suka sa ya zama jirgin yaƙin ɓoye, wanda ake iya musun mai shi. An harbo Allen Pope, Ba'amurken da ke tuƙi wa hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA, a cikinsa a Ambon ta Indunusiya a watan Mayun 1958, a Mashigin Aladu na Kyuba a Afrilun 1961 ɓangarorin biyu duk suna da shi, a 1964 kuma 'yan gudun hijirar Kyuba suka tuƙa shi a Kwango a kan 'yan tawayen Simba. Fotugal ta kai shi Angola.

Ya taɓa sararin Najeriya ma. A 1967 Biyafara ta samu guda biyu, tsofaffin na Faransa da aka riga aka kwance wa makamai, aka ɗaura musu bindigogi da bama-baman haɗin gida. Na farkon, mai zanen bakin kifin shak a hanci, Jan Zumbach ne ya tuƙa shi, Bapolandan da ya yi yaƙin sararin Birtaniya a 1940, yana amfani da sunan John Brown, kuma ya kai hari filin jirgin Makurɗi a farkon yaƙin. Zamaninsu bai yi tsawo ba. Babu kayan gyara, jiragen yaƙi na MiG-17 na gwamnatin Najeriya sun fara sauka Kano a watan Agusta, Inugu kuma ta faɗi a farkon Oktoba.

Waɗanda suka tsira daga yaƙi wasu sun zama jiragen manyan 'yan kasuwa, an cire rumbun bam an sa kujeru da tagogi, wasu kuma masu kashe gobarar daji, kamar na kamfanin Air Spray a Alberta ta Kanada da suka yi aiki har 2004. Ana gane na farkon da tagogi a gefen jiki, na biyun da alamun tanki da ƙofofinsa a ciki.

Idan ka je gani

Gidan tarihin sojin saman Amurka da ke Dayton a Ohayo yana da mai hancin gilashi da kuma B-26K, wanda ya sa ya fi ko'ina daɗin gwada fiffike da fiffike. Akwai wani a gidan Pima da ke Tucson ta Amurka, wani a gidan Dirgantara Mandala a Yogyakarta ta Indunusiya.

Kada ka shiga da'irar farfela ko da jirgin ya shekara a tsaye, kuma kada ka juya ta, domin maganeto ba ya buƙatar batir, waya ɗaya ta tsinke ya isa ya ba da wuta. Kada ka jingina da faifan jela ko na fiffike, kada ka tura yatsa a bututun awon gudu. Agogunan cikin ɗakin matuƙi na asali fentinsu yana da sinadarin radiyom, haɗarinsa a ƙurarsa yake, saboda haka wanda gilashinsa ya fashe ba a taɓa shi, ba a hura shi. Hoto kuwa, durƙusa daga gaba ta gefe guda, yadda hanci da inji da jela za su shigo tare, da safe ko bayan la'asar lokacin da rana ke kwance a jikin ƙarfe tana fito da layin ƙusoshi da kowane faci. Ranar da za a tayar da inji ka toshe kunne, ka tsaya daga gaba can gefe inda aka shata, domin bayan jirgin tsakuwa da ɗigon baƙin mai ne ke tashi, kuma ba ya fita daga farar riga.